Yadda Ake Renon Yaro Mai Galahanga a Gidajenmu na Sakkwato

Ɗana na biyu ya cika shekara biyu da rabi bai ce Inna ba, bai ce Baba ba. Mahaifiyata takan ce wa maiɗakina: "Ki ƙyale shi, ubanai ma bai yi magana da wuri ba." Wata gwaggona kuma da ta same shi zaune shi kaɗai a gindin randa yana jera marafan kwalba a layi, an kira sunansa har sau biyar bai waiwayo ba, sai ta ja ni gefe ta ce: "Yaron ga iska na, a nema mishi taimako." Tsakanin waɗannan maganganu biyu muka ɓata fiye da shekara guda kafin likita ya gaya mana sunan abin, wato galahanga, wadda ma'aikatan asibiti ke kira otizim.

Galahanga bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ƙarami sosai, kuma tana shafar yadda yake cuɗanya da mutane, da yadda yake isar da abin da ke ransa, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓawa. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro ɗaya a cikin ɗari yana da ita, kuma an fi gano ta ga maza, kusan ninki huɗu na mata. Ke nan babu unguwar da ba su, daga Mabera har Runjin Sambo, sai dai yawancinsu suna bayan katanga. Ba iri ɗaya suke ba: wani ba zai yi magana ba sam, wani kuwa zai haddace izu biyar amma ya kasa amsa gaisuwa.

Mataki na farko: lura da rubutawa

A sayi littafin rubutu na ƴan makaranta a ajiye shi don yaron kaɗai. Abubuwan da za a duba su ne waɗannan. Idan ya kai wata 12 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya gwaranci, ba ya ɗaga hannu ya yi bankwana, a rubuta. Idan ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko wata 24 ba ya haɗa kalma biyu da kansa, a rubuta. Alamar da iyaye suka fi rainawa, alhali likitoci sun fi ba ta muhimmanci, ita ce nuni da yatsa: yaro ɗan wata 18 da ya ga raƙumi ya wuce ta ƙofar gida yakan nuna shi, sannan ya juyo ya dubi uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Mai galahanga sau da yawa ba ya yin haka. In yana son abu sai ya kama hannun babba ya ja shi ya ɗora a kan abin. Idan kuwa yaro ya fara faɗin kalmomi sannan suka ɓace, wannan ba abin jira ba ne ko na mako guda.

A ɗauki gajerun bidiyo da waya yayin da yake wasa, da lokacin da ake kiransa, domin a gaban likita yaro yakan rikice ya ɓoye halinsa na gida.

Mataki na biyu: zuwa asibiti

A fara da awon kunne, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma ba ya waiwayowa kuma maganarsa tana jinkiri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen yara da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma wanda ke Wurno ko Tambuwal ko Illela zai iya farawa da babban asibitin garinsu ya nemi takardar turawa. Idan likita ya ce a je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kada gaban kowa ya faɗi. Na san nauyin da kalmar "an kai shi Kware" take da shi a bakin mutanenmu, ni ma sai da na yi sati uku ina kwana-kwana, amma likitan ƙwaƙwalwa ba mahaukata kaɗai yake dubawa ba.

Ba a gano galahanga da gwajin jini ko hoton kai. Likita yana gano ta ne ta hanyar kallon yaron da sauraron tarihinsa, wani lokaci da taimakon wata takarda mai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, wadda aka tsara don yara ƴan wata 16 zuwa 30. Saboda haka uwa ce ya kamata ta yi bayani, tunda ita ke wuni da shi, uba kuma ya zauna ya saurara. A gaya wa likita idan yaron yakan ƙame ya zura ido na ɗan lokaci ko ya faɗi yana karkarwa, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, kuma ita tana da magani. Ita galahanga kanta babu ƙwaya ko allura ko tsimi da ke cire ta. Akwai magungunan da likita kan bayar don rashin barci mai tsanani ko cutar da kai, amma ba a sayensu a kemis bisa shawarar maƙwabci. Duk wanda ya ce zai warkar da ita cikin kwana arba'in, kuɗinku yake so.

Mataki na uku: fahimtar da mutanen gida

Wannan ya fi wahalar da ake zato, kuma uba ne ya kamata ya ɗauke shi, domin in an bar shi ga uwa sai a ce kare kanta take yi. A zaunar da kakanni da abokiyar zama in akwai, da duk wanda ke cin tukunya ɗaya da yaron, a gaya musu cewa gado ne ke da kaso mafi girma a cikin sanadinta, kuma haihuwar bakwaini ko wahala wajen haihuwa ko yawan shekarun iyaye suna iya ƙara yiwuwarta. Ba sakacin uwa ba ne, ba bakin wani ba ne, ba kuma shagwaɓa ba ce.

Za a sami wanda zai ce allurar rigakafi ce ta jawo. Asalin wannan magana wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa bincike a kan yara 12 a 1998. An janye binciken a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinsa, aka kuma soke lasisinsa na aiki. Bayan haka an bi diddigin yara fiye da 650,000 a Denmark, sakamakon da aka fitar a 2019 bai nuna wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba. Kada a hana ƙannensa rigakafi, a tara wa kai ƙyanda a kan abin da ake ciki.

Addu'a kuwa ba ta da madadi, kuma a gidana ba a fasa tofa masa ba ko dare ɗaya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da iska, da kulle yaro a ɗaki da hayaƙi, da ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da kai shi gidan mari. Wanda ya tuna halin da aka sami ɗaruruwan mutane a ciki, da sarƙa a ƙafa, lokacin da ƴan sanda suka shiga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Mataki na huɗu: ɗora yininsa a kan lokutan salla

Yaro mai galahanga yana samun natsuwa ne idan ya san abin da zai biyo baya. Mu kuwa Allah ya hore mana agogon da ba ya tsayawa ko an ɗauke wuta, wato kiran salla sau biyar. A ɗora komai a kansa: bayan asuba wanka da kunu, da hantsi zaman koyo na minti goma, bayan azahar abinci da kwanciya, bayan la'asar wasa a tsakar gida ko zagaya unguwa, bayan magariba tuwo, bayan isha'i shimfiɗa. A riƙe wannan jeri kullum, har ranar Juma'a.

Sannan a mayar da jerin abin gani da ido. A ɗauki hoton bokitin wankansa, da kofinsa, da takalminsa, da tabarmarsa, nasa na ainihi ba na littafi ba, a wanke hotunan a shago, a manna su a kan kwali daga sama zuwa ƙasa, a rataye daidai tsayinsa. Kafin kowane aiki a kai shi gaban kwalin a nuna hoton a faɗi kalma ɗaya, in an gama a juya hoton. Idan abin da ba ya so ne, a haɗa shi da wanda yake so: "Wanka, sannan masa." Dole kuma masar ta zo bayan wankan, domin in aka yi masa alkawarin ƙarya sau biyu ya daina yarda da kwalin gaba ɗaya.

Canji ba ya ƙarewa a gidan Bahaushe, yau suna gobe biki jibi baƙi daga ƙauye. A sanar da shi tun da wuri da hoto, a ware masa ɗaki ko lungun da zai koma in hayaniya ta yi yawa, kuma kayan salla a sa masa su sau biyu ko uku kafin ranar, a wanke sitacin ya fita, domin sabuwar shadda mai ƙarfi tana iya zame masa kamar an lulluɓe shi da ƙaya.

Mataki na biyar: buɗe masa hanyar magana

Nan ne ainihin aikin, kuma a gida ake yinsa. Idan an sami ƙwararren mai koyar da magana, to madalla, amma ko shi awa guda zai ga yaron a mako, sauran awannin na mutanen gida ne.

A fara da sauka ƙasa. A zauna a kan tabarma fuska da fuska da shi, a shiga abin da yake yi maimakon a janye shi zuwa abin da ake so. Ɗana yana jera marafai, sai uwarsa ta samo nata marafan ta zauna tana jerawa a gefensa ba tare da ta ce uffan ba. Kwana huɗu bai kula ta ba. A rana ta biyar ya miƙo hannu ya gyara mata wani da ya karkace, ya ɗaga ido ya dube ta. Daga nan ta fara riƙe marfi ɗaya a kusa da fuskarta tana cewa "marfi" kafin ta ba shi.

A rage yawan magana. Maimakon "zo nan maza ka sa takalminka mu tafi gidan Kawu kafin rana ta yi", a ce "takalmi" a nuna shi. Ƙa'idar ita ce a riƙa zarce shi da kalma ɗaya kacal: in ba ya magana a yi masa kalma ɗaya, in yana faɗin ɗaya a yi masa biyu. Bayan an faɗa a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ya fi komai wuya, domin mu mutane ne masu maimaita umarni da ɗaga murya, alhali kowane maimaici yana sa yaron ya koma farko wajen warware abin da aka ce.

Sai kuma a ƙirƙiro masa dalilin nema. Gidan da ake ba yaro komai kafin ya buƙata ya rufe masa ƙofar magana da kyakkyawar niyya. A sa ƙuli-ƙuli ko dabino a cikin roba mai haske wadda ba zai iya buɗewa ba, a ajiye a gabansa, a jira. Idan ya miƙo robar, ko ya dube ku, ko ya yi wani sauti, a ce "buɗe" a buɗe nan take, a ba shi guda ɗaya a sake rufewa. A riƙa ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da yake gani: "Fura ko kunu?" Wanda bai fara magana ba a koya masa miƙa hoton abin da yake so, wani babba yana bayansa yana kama hannunsa a farko, yana sassautawa a hankali har ya iya da kansa. Kakanni sukan ji tsoron hoto zai sa ya ƙi magana, amma abin da aka gani shi ne hoto ba ya hana magana, sau da yawa ma shi ke jawo ta. Kalmar ɗana ta farko ita ce "buɗe", yana da shekara huɗu da ƴan watanni, kuma ba ga roba ya faɗe ta ba, ga ƙofar zaure ya faɗa, yana riƙe da gefen rigata.

Wasu yaran suna maimaita abin da aka ce musu. In an ce "kana son ruwa?" sai ya ce "kana son ruwa?" Wannan ba raini ba ne, hanya ce ta koyo. A ba shi maganar ta ɓangarensa: a riƙe kofin a ce "ina son ruwa", sannan a miƙa.

Waya ba ta haddasa galahanga, amma tana cinye lokacin da ya kamata ya yi yana kallon fuskar mutum. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Mataki na shida: idan ya birkice

Akwai rigimar neman abu, wadda ke tsayawa da zarar an samu, akwai kuma birkicewar da ke zuwa idan abin da ke shiga kunne da ido da fata ya fi ƙarfin yaro. A irin wannan ba ya jin lallashi balle tsawa. A sallami ƴan kallo, a rage magana, a kawar da wuƙa da murhu da duk abin da zai ji masa, in yana buga kai a sa matashi tsakaninsa da bango, a zauna kusa a jira. Bulala tana iya tsayar da kukan yau, amma tana koya masa cewa wanda ya fi ƙarfi shi ke duka, kuma ƙannensa ne za su biya.

Bayan ya lafa a koma ga littafin nan a rubuta abu uku: abin da ya faru kafin, abin da ya yi, da abin da aka yi masa bayan. Cikin mako biyu zaren yakan fito. Mu mun gano cewa kukan da yake yi kullum da hantsi yana farawa ne daidai lokacin da ake tayar da injin markaɗe a bayan gidanmu. Ga wani janareta ce, ga wani lasifikar gidan biki, ga wani zafin Afrilu da ke haura maki 40 a garin nan. A kuma duba ciwon da ba zai iya faɗa ba: haƙori, kunne, da taurin bayan gida, wanda ya yi yawa a tsakanin waɗannan yara. Kaɗa hannu da jujjuya jiki kuwa hanyarsa ce ta kwantar da kansa, in ba ya cutar da kowa a ƙyale shi.

Mataki na bakwai: abinci da bayan gida

Da yawansu suna maƙalewa ga ƴan nau'in abinci kaɗan. Kada a yi masa ɗura. A ajiye ɗan mitsitsin sabon abu a gefen wanda ya saba, ba a cakuɗa ba, a bar shi ya gani, ya taɓa, ya sansana, ko da zai ɗauki makonni kafin ya kai baki. In yana cin ƙasa ko gawayi a gaya wa likita a auna jininsa.

Ramin masai yana tsorata da yawansu, don haka a fara da fo, a zaunar da shi a lokaci ɗaya kullum bayan cin abinci, a yaba masa nan take in ya yi. Kowane aiki, daga tsarki da buta har sa wando, a gutsuttsura shi, a yi masa dukkan gaɓoɓin a bar masa na ƙarshe, in ya iya a ƙara masa wanda ke gabansa.

Mataki na takwas: tsaro

Ruwa yana jan su, kuma ba su san haɗarinsa ba. A rufe rijiya da marfi mai kwaɗo, a rufe duro, a ninka sa ido da damina lokacin da kududdufai suka cika. A ɗaga sakatar ƙofar gida inda hannunsa ba ya kaiwa, a ɗinka lambar waya a cikin rigunansa. A gabatar da shi ga mai unguwa, da mai shagon kusa, da ƴan kabu-kabun bakin hanya, a ce musu: "Ba ya amsa kira, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe mini shi." Ɓoye yaro ba ya kare shi, sanin unguwa ne ke dawo da shi gida.

Mataki na tara: makaranta da abin da ke gaba

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, har da fannin ilimi. Duk da haka zuciyar malami ta fi takarda aiki. A je a ga shugaban makaranta kafin a kai yaron, a faɗi gaskiyar halinsa, a nemi ya fara da awa ɗaya a yini, a wuri ɗaya da ba a canzawa, nesa da taga. A ziyarci makarantar Abdurrashid Adisa Raji ta masu buƙata ta musamman da ke cikin gari a tambayi abin da suke iya yi wa irinsa, a kwatanta da makarantar unguwa. A Islamiyya ko makarantar allo a roƙi Malam ya ajiye bulala a kansa. Maimaici da tsarin karatun allo sukan dace da da yawansu. Amma kada a tura shi almajiranci wani gari, domin yaron da ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba bai kamata ya kwana inda iyayensa ba sa gani ba.

Kafin balaga a koya masa sassan jikin da ba a buɗewa da waɗanda ba mai taɓawa, ƴa mace kuma a fara koya mata tsaftar al'ada da hoto da gwaji tun kafin ta zo. Uba ya ɗauki yaron ya fita da shi ko da awa biyu ne a mako don uwar ta sami barci, kuma kada a mayar da yayarsa uwa ta biyu har karatunta ya lalace.

A riƙa kallon abin da hannunsa ke so, domin a nan sana'a take. Ɗana yanzu yana da shekara tara, yana haɗa kalma uku zuwa huɗu, kuma duk ranar Asabar kawunsa yana ɗaukarsa zuwa rumfarsa ta albasa, inda yake zama yana ware manya da matsakaita da ƙanana ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba. Injin aski ne har yau bai yarda da shi ba, don haka da almakashi nake yi masa a tsakar gida, rabin kai ranar Alhamis bayan la'asar, sauran rabin ranar Juma'a kafin masallaci.